Tekun da Muka Yi a Daron Gwaggo

Har yau idan na ji warin bula a ruwan wanki, sai kunnena ya ɗauko ƙarar injin niƙa daga nesa, irin ƙarar nan da ba ta tsayawa sai an kira salla. Da wannan wari da wannan ƙara na yi bazarar da zan ba ku labarinta. Ku 'ya'yana kun taso kuna yi mini dariya a kan ƙasa. Ba na barin ku ku hau tarin yashin magina, ina wanke muku hannu har sai kun yi kuka. Kun kuma ji a bakin dangi cewa mahaifinku ne ya hana ni koyarwa bayan na gama karatun malanta. Ba shi ba ne, kada ku riƙe shi da wannan. Lokacin da na ajiye alli ko sunansa ban taɓa ji ba. Ni na hana kaina, ga kuma yadda abin ya faru.

Na gama kwaleji ina zaune a gidanmu a Gummi ina jiran takardar ɗaukar aiki, sai labari ya zo cewa Gwaggo Ige, yayar mahaifina, ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Tana zaune a wani ƙauye da ke kan hanyar Abare daga Anka, kuma ba ta da ɗa ko jika a kusa. A lokacin ni yarinya ce mai yawan zama shiru. Ina da wani littafi da nake rubuta waƙoƙi a ciki, akasarinsu a kan abubuwan da ban taɓa gani ba. Inna ta same ni a gindin dalbejiya da littafin a cinya.

"Rabi, tashi ki haɗa kayanki," in ji ta. "Tunda takarda ba ta zo ba, gara ki tahi ki riƙa Gwaggonki da ki zamna nan kina ƙidayar girgije."

Na isa ƙauyen a tsakiyar shekarar da zinari ya shigo musu. Maza sun bar gona sun koma rami. Da hantsi za ka ga babura suna shigowa da buhunan dutse, a farfasa da guduma, a kai injin niƙa, abin da bai yi laushi ba mata su ƙarasa shi a turmi cikin gida. Garin dutsen kuma a tsakar gida ake shanya shi a kan tabarma, kusa da tukunya, kusa da inda jariri ke rarrafe. Wata ƙura mai ruwan toka ta kwanta a kan komai, har a gashin idon yara, idan rana ta haska ta sai ta riƙa walƙiya. A gaskiya ta yi mini kyau. Na ma rubuta baiti biyu a kanta, na ce garin ya yi kwalli. Mutane kuwa suna cikin farin ciki irin wanda ban taɓa gani a ƙauye ba. Rufin kwano na ta hawa, kowace mace da sabon atamfa, ana cin nama ba ranar kasuwa ba.

Yara ƙanana ne kawai ba mai lokacinsu. Iyaye mata suna kan turmi tun safe, manyan yara suna ɗebo ruwan wankin garin dutse don a fitar da zinari. Sai 'yan shekara biyu zuwa biyar su riƙa yawo tsirara a rana, su gaji su kwanta a inuwar katanga. A ƙofar gidan Gwaggo akwai wata rumfar zana da marigayi mijinta yake saƙa a ciki. Wata rana na shimfiɗa tabarma a nan ina rera waƙa ni kaɗai, yara uku suka zo suka tsaya. Kashegari suka zama bakwai. Kafin mako ya zagayo, iyaye da kansu suke kawo su da safe, kowa da ɗan ƙoƙon kununsa, su ce, "Ga su nan, Malama." Ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya biya ni, amma ban taɓa jin sunan ya zauna mini kamar a rumfar nan ba.

A cikinsu akwai Kulu, 'yar maƙwabciyarmu Tumba. Shekarunta huɗu, baƙa siririya, bakinta ba ya hutawa. Ita ce mai tambaya. Me ya sa wata yake bin mu? Akuya tana yin salla? Idan ta gaji da tambaya sai ta sa yatsu biyu a baki ta jingina da cinyata.

Mutum ɗaya ce babba da take leƙo mu, ita ce Anti Gires, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyen. Kirista ce daga can kudu, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, ta daɗe a ƙasar Anka har Hausa ta zauna a bakinta. Tana zuwa duba ƙugun Gwaggo, idan ta fito sai ta zauna da mu ta sha iska. Wata rana da zafi ya kai inda ko kaji sun buɗe baki, ta zaro wata katantanwa babba daga jakarta, mai ruwan hoda a ciki, ta ce daga garinsu ta taho da ita. Ta kara wa Kulu a kunne. Yarinyar ta yi tsit, idanunta suka fito.

"Anti, wa a ciki?"

"Teku ne," in ji Anti Gires.

"Mi a teku?"

Anti Gires ta dube ni tana dariya. "Malama, ke kika yi karatu. Gaya mata."

Na ci jarrabawa a kan teku, na zana taswirarsa, na rubuta masa waƙa har uku, amma ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne gulbin garinmu idan ya kawo da damina. Na ce wa yaran ruwa ne da ba a hango ƙarshensa. Wani yaro ya ce to wa ya haƙa shi. Kulu ta ce idan akwai shi, a kawo mata ta gani. A nan na ce musu za mu yi namu.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma na daɗe ina jin kunyar faɗin haka. Gwaggo ta ba mu wani tsohon farin zane, muka jiƙa shi a bula har ya yi shuɗi, muka rataye a bayan rumfa. Hannuwan yaran suka yi kwana uku da shuɗi, iyaye suna ta tsiya. Na jiƙa ƙaro a gwangwani ya zama abin liƙi. Na yanka kifaye daga kwalin sabulu, yara suka manna musu ɓawon gyaɗa ya zama ɓamɓaroki. Muka yi jirage da ɓargon kara, filafilansu ganyen mangwaro. Muka kifa ƙananan ƙoƙuna muka zana musu gida-gida da gawayi suka zama kunkuru. Anti Gires ta ce akwai wata halitta mai hannu takwas, sai muka huda ludayin da ya fashe muka zura masa tsumma takwas. Gwaggo tana kwance a ɗaki tana jin mu, ta ɗaga murya.

"Hannu takwas? Wagga mata ƙarya ta ka yi muku. In da akwai shi, da an kawo shi daka."

Amma da la'asar ta kira ni ta ce in jawo mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai wuri, irin kuɗin mutanen da, kusan cikin tafi biyu, sun yi jawur don tsufa. Ta ce na kakarta ne, kuma tun tana yarinya ta ji an ce daga bakin babban ruwa ake kawo su.

"Kai musu," in ji ta. "Su dai kak su haɗiye. Ki ɗauki babban daron nan kuma, ba ni wanki yanzu."

Daron shi ne zai zama tekun kansa. Abu ɗaya ya rage. Anti Gires ta ce a bakin teku akwai rairayi mai laushi wanda yake ƙyalli idan rana ta fito. Ƙasar ƙofar gidanmu ja ce mai tsakuwa. Ni kuwa kullum ina wuce injin niƙa ina ganin garin dutse a tare, mai laushi kamar tankaɗe, yana walƙiya. Na ce a raina, ai ga rairayin teku nan Allah Ya kawo mana har gida.

Mai injin sunansa Ɗanjimma, wani dogo mai haƙorin Makka, wanda duk ƙauyen aka sani da wasa da kuma riƙon hannu. Ana cewa ko ƙurar da ta kwanta a hularsa sai ya kakkaɓe ta a kwano. 'Ya'yansa biyu suna zuwa rumfata. Na same shi ya yi fari fat da ƙura, na gaishe shi, na yi ihu a kan ƙarar inji na faɗi abin da nake so. Ya rage wutar injin ya dube ni.

"Malama, mi za ki yi da gari?"

"Teku za mu yi."

"Teku." Ya juya ga masu jiran niƙa. "Kun jiya? Mu muna neman ruwan wankin gari, ita tana gina teku. Malama, in kin gama ki ba ni aron guga biyu."

Aka yi ta dariya. Na ji kunya na juya zan tafi, sai ya ce in dakata. Ya ce tunda 'ya'yansa sun hana shi barci da zancen kifin kwali, zai ga abin da zai yi. Kashegari da hantsi ya tsaya da babur a ƙofar rumfa ya sauke rabin buhu. Na kwance bakin na zura hannu. Laushi, sanyi, da ƙananan idanu masu walƙiya. Na yi masa godiya har sau uku, ya kaɗa hannu ya ce in dai an kama kifi a aiko masa da kai.

Muka zuba shi a gefe ɗaya na daron, muka zuba ruwan bula a ɗaya gefen, muka jera wurin Gwaggo a baki. Jiragen kara suka tashi. Idan yara suka hura da baki sai ruwa ya yi igiya ya taɓa rairayi ya koma. Kulu ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauko katantanwar Anti ta kara a kunne, ido a kan daro.

"Yanzu na gane," in ji ta.

Kusan mako uku suna wasa da rairayin nan kullum. Suna tona shi, suna binne wuri, suna gina gidaje. Suna kuma cin ɗanwake da hannun, suna sa yatsa a baki. Ina gani. Abin da kawai nake tsoro shi ne kada wani ya haɗiye wuri.

Tun kafin in zo ana rasa yara a ƙauyen jefi-jefi, ana cewa zafin bazara ne. Amma a ƙarshen bazarar abin ya zo kamar an buɗe ƙofa. Yaro zai yi amai, ya yi shiru, sai jijjiga ta kama shi, idanu su juye. Wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta biyo masu haƙa daga rami. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sadakar waina. Anti Gires ta ba da maganin zazzaɓi har ya ƙare, ta zo ta zauna a rumfata ta ce wannan ba zazzaɓi ba ne, kuma ba ta san ko mene ne ba. Tabarmata ta fara yin faɗi. Wanda ya zo jiya yau ba ya zuwa. Ƙaramin ɗan Ɗanjimma ya rasu ranar Talata, yayarsa ta bi shi kafin Juma'a. Da na je gaisuwa ban iya duban fuskarsa ba, shi ma bai ɗago ba. Bayan sadakar bakwai ya kwance injinsa ya ɗora a mota, ya bar garin da matarsa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Kulu a cinyata abin ya same ta. Tana cikin tambayata ko kifi yana jin ƙishirwa, sai maganar ta tsinke, jikinta ya sandare. Na ɗauke ta a guje zuwa gidansu ina kiran sunan uwarta. Tumba ta yar da taɓarya ta karɓe ta.

Bayan 'yan kwanaki wasu likitoci baƙi suka iso da motoci, suka ɗebi jinin yara. Aka tara mu a ƙofar gidan mai gari, maza a gaba, mu mata a bayan zana. Wani tafinta ya yi bayani. Ya ce dutsen da ake haƙowa akwai dalma a cikinsa tare da zinarin. Ya ce idan an niƙa, gubar tana bin ƙura, ta kwanta a ƙasa, yaro ya taɓa ya kai baki. Ya ce babba yana iya ɗauka, amma ƙaramin yaro ƙwaƙwalwarsa take ci. Ya ce garin dutsen nan mai ƙyalli, shi ne.

Ban ji sauran ba. Na tashi na ratsa mata, na isa rumfa. Daron yana nan, ruwan ya ƙafe saura kaɗan, jirgi ɗaya ya kife a kan rairayi, ga sawun ƙananan yatsu. Ban yi tunani ba. Na kinkime shi ni kaɗai, daron da sai mu biyu muke ɗagawa, na kai bayan gida na juye a masai. Na koma na ɗauko ragowar buhun na zazzage shi a ciki. Na wanke daron da toka sau uku. Wurin Gwaggo ma da yawa sun bi rairayin.

Da yamma Anti Gires ta zo ta ga rumfa wayam, na gaya mata. Ta dafe kai.

"Rabi, me ya sa? Mutanen nan suna da na'urar da suke ɗorawa a kan ƙasa ta faɗi ko akwai guba. Da kin bari sun auna."

"Auna me, Anti? Daga injin aka kawo shi. Ni na roƙa."

Ba ta ce mini ba laifina ba ne, domin ita ba mai faɗin abin da ba ta tabbatar ba ce. Ta ce dai ita ce ta fara zancen rairayi mai ƙyalli. Muka zauna mu biyu muna kallon shuɗin zanen da ke rataye.

Aka kwashe yaran da abin ya fi kamawa zuwa asibiti a Anka, har da Kulu. Na bar Gwaggo a hannun maƙwabta na bi su bayan mako guda, domin na kasa cin abinci da maganar a cikina. Na sami Tumba a bakin gado tana yi wa Kulu fifita. Yarinyar ta farfaɗo, idonta biyu, amma ta dube ni kamar bango. Na kira sunanta ba ta juyo ba. Na durƙusa a gaban uwar na faɗa mata komai, yadda na je wurin Ɗanjimma, yadda na zuba garin a daro, yadda nake kallon Kulu tana tsotsar yatsu ban hana ba. Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama. Tumba ba ta daina fifita ba.

"Malama, tashi, mutane na kallo," in ji ta. "Turmin da nike dakan dutse, shi nike daka mata hura. Tabarmad da nike shanya gari, kanta taka kwana. In za a kama wani, ni za a hwara kamawa."

"Amma ni na yi karatu, Tumba. Ni ya kamata in sani."

"To ba ki sani ba. Mu ma ba mu sani ba." Ta gyara wa Kulu zane. "Ɗiyag ga ba ta taɓa murna awa ta kwanakkin nan ba. Kullum ta dawo sai ta ce mani, Inna, na tahi teku. Ki bar ni da wannan."

Ta yafe mini, amma yafewar ba ta shiga inda ciwon yake ba. A gidajensu guba ta zo ne cikin neman abinci. Ni kuwa na je na zaɓo ta don ta yi kyau, na ɗauko ta na ajiye a gaban yara goma sha wani abu, na ce su yi wasa. Wannan bambancin shi na riƙa juyawa a raina.

Na zauna har aka kankare ƙasar gidajen ƙauyen aka zuba sabuwa, har Gwaggo ta fara takawa da sanda. Da na koma Gummi na tarar takardar da nake jira ta zo. An tura ni wata firamare, ajin ƙananan yara. Inna ta ajiye ta a ƙarƙashin Alƙur'ani don kada ta yi datti. Na karanta na ninke na ce ba zan je ba.

"Ba ki zuwa ina?" in ji Inna.

"Ba zan ƙara riƙon 'ya'yan mutane ba."

"Rabi, shekara nawa ina soya ƙosai kina makaranta? Ke ɗai ta cikin ɗiyana mata kinka kai nan. Abin da Allah Ya ƙaddara ma garin nan, ke kika aiko shi?"

"Inna, hannuna ne ya zuba."

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kira Baba, ta kira kawunnaina. Daga baya ta daina magana a kai, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta rasu ba ta ga na shiga aji ba. Ƙawayena da muka gama tare wasu sun zama shugabannin makaranta. Ni na koyi ɗinki, na yi aure, na haife ku. Littafin waƙoƙin nan ban ƙara buɗe shi ba, domin baitin kwallin yana ciki. Kowace ƙaramar salla kuma ina ɗinka riga in kai wa Kulu, wadda kuke kira Yaya Kulu ba ku san abin da ya haɗa mu ba. Ta rayu, ta girma, tana taya uwarta aiki. Ba ta ji sosai, maganarta kalma ɗaya ce ko biyu. Anti Gires ta bar mata katantanwar ranar da aka yi mata canjin wurin aiki, tana nan a cikin kwanon kayanta. Ba ta ƙara yi mini tambaya ba.

Bara waccan na je Bukkuyum gaisuwar rasuwa a dangin mahaifinku. A tasha, ina jiran mota ta cika, na tsaya sayen rake wurin wani dattijo. Yana fere mini sai ya yi murmushi, na ga haƙorin Makka. Ya rame, gemunsa ya yi fari, amma shi ne. Na ce, "Ɗanjimma?" Ya daɗe yana dubana.

"Malama mai teku!"

Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar da ba mu yi da kyau ba a wancan lokacin. Ya ce yana noma a wajen Gwashi, bai ƙara taɓa dutse ba, Allah Ya ba shi wasu 'ya'yan. Ya tambayi aikina, na ce ban koyar ba. Ya ce don me. Ban yi niyyar faɗa ba, amma shi ne ya kawo buhun nan. Na ce masa tun ranar da na san abin da ke cikin garin da ya kawo mini ban ƙara yarda da kaina a kan yara ba. Na ce har 'ya'yansa biyu sun yi wasa da shi, kuma ban taɓa neman gafararsa ba.

Ya ajiye wuƙar.

"Wane gari?"

"Garin dutse. Rabin buhun da ka kawo mini a babur."

"Malama," in ji shi a hankali, "ke kin taɓa jin na ba wani garin da ba a wanke ba? Da zinari cikinai? Ko uwata ta roƙa sai ta yi haƙuri. Kunya dai kinka ba ni gaban mutane, ga ɗiya sun dame ni."

Na ce to mene ne ya kawo mini.

"Yashin gulbi na. Akwai wata kwana inda yashi ka ƙyalli, baƙi sukan ɗauka zinari na, mu yi ta dariya. Can na ɗebo, na tankaɗe shi da rariyar matata don ya yi laushi kada ki gane."

Na zauna a kan bencinsa. Akwai wurin da masu haƙa suke wanke gari a gulbin nan, na sani, kuma duk abin da ke ƙasa da wurin ya gurɓata. Na tambaye shi kwanar tana sama da mawanka ko tana ƙasa. Ya ce sama, da nisa, kusa da mashayar Fulani. Ya ce ai na ƙasa duk mutane sun tone shi suna neman abin da ya zube, ba za a bar shi ya ɗebi ko kwano ba.

Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya. Ɗanjimma ya ɗaure raken ya miƙo mini, ya ƙi karɓar komai, ya ce wannan dai na gaske ne, in ɗanɗana in ji. Na shiga mota da shi a cinya. Sai da muka wuce gonakin bakin gari na tuna Inna, da takardar da ta ajiye a ƙarƙashin Alƙur'ani.

Duk ƙauyen nan a bazarar, daga tsakar gida har ɗakin kwana, ba inda yaran suka sa hannu a ƙasa mai tsabta sai a cikin daron Gwaggo. Ita ce na juye a masai.